Tarihin Dajin Yankari

Wanda ya tashi daga birnin Bauci ya bi hanyar Gombe, in ya isa Dindima, inda gada ta ƙetare kogin Gongola, sai ya saki babbar hanya ya yi kudu. Zai yi ta ratsa gonaki da ƙauyuka har ya kai wani gari da a ke kira Mainamaji. A nan ƙofar Yankari ta ke. In ya tsaya ya waiwaya, ba abin da zai gani sai karan dawa da bishiyoyi tsilli-tsilli. In ya dubi gabansa kuwa, sai ya ga daji ya haɗe, kai ka ce an sa wuƙa an raba ƙasar biyu. Girman dajin ya kai murabba'in mil 866, watau murabba'in kilomita 2,244, kuma daga Bauci zuwa masaukin baƙi da ke tsakiyarsa tafiyar kamar mil 70 ce.

Mutane da yawa suna tsammani wannan wuri tun da Allah ya halicci duniya daji ne, ba wanda ya taɓa sa masa gatari. Ba haka ba ne. Masu yawo cikinsa su kan tarar da kukoki sun yi gungu wuri ɗaya, ga kasake warwatse a ƙasa, kuma kowane ɗan ƙauye ya san ma'anar wannan: kufai ne. A wani wuri da a ke kira Dukke akwai rijiyoyi 139 da aka haƙa kusa da juna. Akwai kuma ɗakuna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda wani Bature, P. J. Marshall, ya bayyana wa duniya labarinsu cikin 1980, har yanzu kuwa da sunansa a ke kiransu. Abin da ya fi waɗannan duka shi ne wuraren narka tama. A Shaushau kaɗai akwai wajen murhu 60 tsaye, ga kashin tama tsibi-tsibi.

To, mai karatu, tsaya ka yi tunani a kan wannan. Ba a narka tama sai da gawayi, gawayin ma ba na kowane ice ba, sai mai nauyi irin ƙirya. Kafin a sami ƙarfen da zai isa fartanya 'yan kaɗan, sai an ƙone itace mai yawan gaske. Ashe ke nan akwai zamanin da hayaƙi ke tashi dare da rana a inda giwaye ke kiwo yanzu, ana sara, ana toyi, mata suna ɗaukar ruwa. Daji ne da aka taɓa ci, sa'an nan ya sāke tofowa.

Abin da ya ba shi sarari ya tofo shi ne tashin mutane. Zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi, ba mai son zama a fili inda dawaki za su same shi, har ana zaton ɗakunan nan na dutse mafaka ce ta masu gudun hari. Jama'a suka koma kan duwatsu da garuruwa masu ganuwa. Da gonaki suka mutu sai itace ya rufe su, da itace ya yi duhu sai namun daji suka yawaita, da namun daji suka yawaita sai ƙudan tsando ya biyo su. Shi kuwa tsando, in ya ciji saniya ko doki, sammore ke nan. Saboda haka makiyayi ya kan kewaye wurin daga nesa, manomi ba ya kai dabbarsa, sai maharbi kaɗai da kwarinsa da layunsa, shi ma ba ya daɗewa. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Tsoron nan shi ne mai gadin Yankari na farko, bai kuwa taɓa karɓar albashi ba.

Cikin 1902 Turawan Ingila suka shiga Bauci. Hari ya ƙare, hanyoyi suka buɗe, mutane suka fara saukowa daga duwatsu suna saran sababbin gonaki. Bindigogi kuma suka yi ta yaɗuwa. Cikin 1916 Gwamnati ta kafa dokar daji da dokar kiyaye namun daji, aka kuma bi da yanka gandayen daji a ƙasashen sarakuna, yawancinsu a hannun En'e. Amma a faɗi gaskiya, talakawa ba su karɓi abin da farin ciki ba. Mutum ya tashi ya ga kakansa yana saran gofa a wuri, ran nan a ce masa in ya taɓa sai tara. Ba a zauna an fahimtar da shi ba, iyaka dai ya ga an dasa alama, ga malamin daji da littafi. Tun daga nan ya ɗauka gandun daji kayan hukuma ne, kayan hukuma kuwa ba a jin ciwonsa. Wannan tunani bai mutu ba har yau, kuma ya yi wa dazuzzukanmu ɓarna fiye da fari.

Daga baya aka ba da shawara a keɓe wani daji a ƙasar Bauci domin namun daji. Wanda ya goyi bayanta shi ne Alhaji Muhammadu Ngileruma, sa'ad da ya ke Minista a Gwamnatin Jihar Arewa. Ya ga irin wannan gandu a ƙasar Sudan, abin ya burge shi, ya komo yana ta kira a yi haka a gida. Cikin 1956 Gwamnati ta yarda, cikin 1957 aka shata iyaka aka mai da wurin gandun daji na En'en Bauci. Ran 1 ga Disamba, 1962, aka buɗe shi ga masu zuwa kallo. Shi ne gandun namun daji na farko a Nijeriya.

Me ya sa aka zaɓi nan? Saboda ruwa. Kogin Gaji ya ratsa dajin, ba ya kuwa ƙafewa ko da bazara ta yi tsanani, domin maɓuɓɓugai ne ke ciyar da shi. Mafi shahara cikinsu ita ce Wikki, wadda ruwanta ke fitowa daga gindin dutse garai-garai, da ɗumi kamar an sirka, rani da damina ɗuminsa bai sākewa. A tudu akwai kawo da maɗobiya da taura da marke da taramniya, ga gamba ta fi mutum tsawo. A bakin kogi kuwa kurmi ne na maɗaci da ɗinya da tsamiya da maje da giginya. Da damina dabbobi su kan watsu ko'ina, amma da zarar tafkuna sun bushe sai kowa ya gangaro Gaji: giwa, da ɓauna, da gwanki, da kanki, da gwambaza, da mazo, da gadu, ga bika garke-garke, ga dorina da kada cikin ruwa, ga zaki yana fako. Tsuntsaye kuwa an lissafa fiye da iri 350.

Waɗannan duka ba zaman haya su ke yi ba, kowa da aikin da ya ke yi wa dajin. Dubi giwa. Ta kan ci abin da ya kai kilo 150 a yini, ganye da ɓawo da 'ya'yan itace. Ƙwallayen da ta haɗiye ta kan kai su wuri mai nisa ta zubar da su cikin kashinta, su tsiro da takinsu. In ta karya itace, rana ta sami ƙasa, ciyawa ta fito, gwanki da ɓauna su samu. Hanyar da ta buɗe cikin sarƙaƙiya ita ƙananan dabbobi ke bi zuwa ruwa. Zaki kuma ya hana masu cin ciyawa su yi yawan da za su cinye wurin, abin da ya bari kura da ungulu su share. In ka zare ɗaya, sai saura su yi sako-sako, kamar zanan da aka cire wa igiya.

An kuwa zare. Masana da suka bi lissafin dabbobin Yankari sun ƙidaya manyan namun da suka ɓace daga cikinsa: raƙumin dawa, da rabbi, da kyarkeci, da maraya, da dari, da barewa, da kwanta-rafi. Yaro ɗan Duguri a yau ya san sunan maraya a karin magana, amma bai taɓa ganin ƙahonta ba. Mafarauta sun ci nasu rabo. Cikin 1983 kuma annobar bushiya, wadda ta halaka shanu a ƙasar nan, ta shiga dajin ta kashe ɓauna da gwambaza da mazo da gadu. Zaki ma ya kusa bin sahu. Wani bincike da aka buga cikin 2014 ya nuna a duk Nijeriya ba sauran zakuna sai a Yankari da dajin Kainji, jimlarsu kuwa ba ta kai 50 ba.

Amma a ganina babbar cutar ba a cikin gandun ta faru ba, a bayan iyakarsa ne. Sa'ad da aka shata Yankari, daji ne cikin daji. Dabba ba ta san alama ba, ta kan fita da damina ta yi kwanaki tana kiwo, ta komo da rani. A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya wajen miliyan 55 ne, yanzu sun wuce miliyan 200, kowa kuwa da bakin da zai ci da murhun da zai hura. Aka sare dajin kewaye aka yi gona. Abin da gona ta bari, masu itacen girki suka kwashe, daga baya masu gawayi suka zo da injin yanka, suna loda buhuna a manyan motoci zuwa birane. Daga wajen 2013 kuma aka shiga yi wa maɗobiya kisan kiyashi a ƙasashen Taraba da Adamawa da Kogi, ana kai gungumenta ƙasar Sin domin yin kujeru, har cikin 2016 ƙasashen duniya suka sa ta cikin itatuwan da ba a fataucinsu sai da izini. Magungunan zamani kuma suka rage wa makiyayi tsoron tsando, ga shi gonaki sun cinye burtali, saboda haka ya kan tura shanunsa cikin gandu da dare.

Ban ce manomi mugu ba ne, ko makiyayi. Wanda 'ya'yansa ke kuka ba ya tuna raƙumin dawa. Sai dai sakamakon ɗaya ne: Yankari ya zama tsibiri. Dabbar da ke bukatar fili mai faɗi, kamar kyarkeci da rabbi, ba ta iya zama a tsibiri. In kuma wani iri ya ƙare a ciki, ba inda 'yan'uwansa za su fito su maye gurbi, domin hanya ta yanke.

Ta wajen mulki ma dajin ya sha sauyin hannu. Cikin 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta sa shi cikin gandayen ƙasa, cikin 2006 ta mayar wa Jihar Bauci. A shekarar nan ta 2006 aka ƙirga giwaye daga jirgin sama aka sami wajen 350. Ba a yi shekara goma ba aka kimanta sun koma tsakanin 100 da 150, saboda masu neman haure. Akwai masu gadin daji da suka rasa rayukansu a hannun waɗannan mutane. Giwa kuwa wata 22 ta ke yi da ciki, ta kan yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sāke haihuwa, don haka abin da bindiga ta ɗauke a dare ɗaya sai a shekara ashirin ba a mai da shi ba. Cikin 2014 Gwamnatin Bauci ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar kiyaye namun daji ta Amurka mai suna WCS. Aka horar da masu gadi, aka riƙa biyansu kuɗin sintiri a kan kari, aka ɗaura wa waɗansu giwaye na'ura a wuya don a san inda garke ya nufa. Bayan watan Mayu na 2015 aka yi shekaru ba a tsinci gawar giwar da aka harbe ba.

Labarin raƙumin dawa kuwa akwai abin dubawa cikinsa. Cikin 2006, da aka so a nuna wa jama'ar Bauci wannan dabba, sai da aka ɗauko ta tun daga ƙasar Namibiya aka sa a dajin Sumu. Alhali irin namu na Afirka ta Yamma yana nan kusa, a Kure ta ƙasar Nijar, gabas da Yamai. Cikin 1996 saura 49 kacal suka rage a can. Ba shinge gare su ba, cikin gonakin gero da wake su ke kiwo. Aka hana harbinsu, aka kuma sa mutanen ƙauyukan cikin sha'anin, 'ya'yansu suka zama masu yi wa baƙi jagora, aka taimake su da rijiyoyi da rance. Zuwa 2017 raƙuman sun wuce 600.

A Yankari ma an gwada wani abu mai kama da wannan. An ɗauki mutane daga ƙauyukan da ke bakin iyaka, aka ba su wayar hannu, aikinsu in sun ga giwaye sun doshi gonaki su sanar, masu gadi su zo a kora su. Abin ya rage ɓarna, amma bai kawar da ita ba. Da kaka, sa'ad da dawa ta nuna, garke ya kan bi tsohuwar hanyar da uwayensa suka bi tun wurin yana daji, ya tarar da ita ta zama gonar wani. Mai gonar kuwa ya kwana bisa rumfa da fitila da garwa yana kaɗawa, abincin shekararsa na ƙasa, giwa talatin na tahowa cikin duhu.