Tarihin Cire Farar Wuta daga Kwal

Cire farar wuta daga kwal na nufin raba kwal da sinadarin nan mai ruwan ɗorawa tun kafin a ƙona shi. Idan aka ƙona su tare, hayaƙin kan shaƙe ƙirji, ya jawo ruwan sama mai tsami da ke kashe itatuwa da kifi. Idan kuma da shi aka narka ƙarfe, sai ƙarfen ya riƙa tsagewa a ƙarƙashin guduma. Maƙeran Ƙanƙara da Faskari ba su san wannan matsala ba, domin gawayin ƙirya da suke hura zuga da shi kusan babu farar wuta a cikinsa.

A Ingila an daɗe ana fama da wannan matsala. A 1709 Abraham Darby ya narka ƙarfe a Coalbrookdale da gasasshen kwal, gashin da ke korar wani ɓangare na sinadarin. Hazon hayaƙin kwal da ya lulluɓe Landan a Disambar 1952 ya kashe dubban mutane, har aka kafa dokar tsaftace iska a 1956. Amurka ta tsaurara tata a 1970, daga nan masana suka tashi haiƙan.

Farar wuta iri biyu ce a jikin kwal. Akwai wadda ta haɗu da ƙarfe ta zama tsakuwa mai ƙyalli kamar zinare. Wannan ana rage ta da niƙa da wanki, tunda ta fi kwal nauyi. Ɗayar kuwa a saƙe take cikin kwal ɗin kansa, ruwa ba ya taɓa ta. A farkon shekarun 1970 Robert Meyers na kamfanin TRW ya jiƙa niƙaƙƙen kwal a ruwan gishirin ƙarfe mai zafi, ya narkar da ta farkon. Daga baya kamfanin ya gwada dafa kwal cikin narkakkiyar soda, irin ta masu haɗa sabulu, sai ga ta biyun ma ta fito. Dabarun sun yi aiki, amma tsada ta hana su zama sana'a. Tashoshin lantarki sun gwammace su ƙona kwal ɗin haka nan, su wanke hayaƙin da ruwan farar ƙasa.

A Najeriya ba hayaƙi ne abin damuwa ba, domin kwal ɗin Inugu, da aka gano a Udi a 1909, ba shi da farar wuta da yawa. Matsalar ta ƙarfe ce. Masana'antar Ajaokuta, wadda aka ba Tarayyar Soviet kwangilar gina ta a 1979, tana buƙatar kwal mai gasuwa ya dunƙule, na Inugu kuwa ba ya dunƙulewa. Na Lafiya da Obi a jihar Nasarawa yana yi, sai dai farar wuta da toka sun yi masa yawa. Shi ya sa masu bincike a Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa da ke Jos suka daɗe suna gwada wanke shi da gauraya shi da kwal na ƙasashen waje. Babban tanderun Ajaokuta dai har yau ba a taɓa hura shi ba.