Bauta a Tarihi da Adabi: Daga Gidan Bin Jelmood na Doha zuwa Littafin Shaihu Umar

Unguwar Al Asmakh tana cikin tsofaffin unguwannin birnin Doha na ƙasar Ƙatar. Gidajenta masu tsakar gida na iyalan Ƙatarawa ne a da, amma tun da arzikin man fetur ya janye masu su zuwa sababbin unguwanni, sai suka zama masaukin baƙin ma'aikata, yawancinsu daga Kudancin Asiya. A maƙwabciyarta, unguwar Msheireb, aka buɗe gidajen tarihi huɗu a shekarar 2015. Ɗaya daga cikinsu shi ne Gidan Bin Jelmood, wanda asalinsa gidan wani dillalin bayi ne, yanzu kuma an keɓe shi don bayyana tarihin bauta a yankin Tekun Indiya. Wannan maƙala ta ɗauki gidan a matsayin mafarin tambayar da ta shafi Hausawa kai tsaye: a ina al'umma take ajiye labarin bayinta bayan an daina sayar da mutane a kasuwa?

Bayin da aka kai gaɓar Tekun Fasha a ƙarni na 19 sun fito ne galibi daga Gabashin Afirka ta hanyar Zanzibar, daga baya kuma daga yankin Balucistan. Abin da ya sa ake neman su shi ne lu'ulu'u da dabino, kamar yadda Matthew Hopper ya nuna a littafinsa Slaves of One Master (2015). Attajiran Turai da Amurka suna son lu'ulu'u, sai jiragen ruwa suka buƙaci masu nutso, da yawansu kuwa bayi ne ko kuma waɗanda bashi ya ɗaure. Kasuwar ta karye bayan 1929, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, lu'ulu'un da Japan take nomawa kuma ya cika kasuwa. Duk da haka bautar ba ta ƙare nan take ba. Da aka fara aikin man fetur, wasu iyayengiji sun riƙa tura bayinsu aikin kamfani suna karɓe mafi yawan albashin. Sai a 1952, a zamanin Shaihu Ali bin Abdullah Al Thani, Ƙatar ta haramta bauta. Saudiyya ta yi haka a 1962, Oman kuma a 1970.

Mai karatu Bahaushe zai gane wannan tsari na karɓe ladan bawa, domin ɗan'uwan murgu ne, wato kuɗin da bawa yake biyan ubangijinsa don a bar shi ya yi sana'ar kansa. Jan ƙafar da aka yi wajen kawo ƙarshen abin shi ma ba baƙo ba ne. Dokar Lugard ta 1901 ta 'yanta 'ya'yan da za a haifa daga watan Afrilun shekarar, an rufe kasuwannin bayi bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun yi wa wannan zamani cikakken nazari a littafinsu na 1993.

Wannan shekara ta 1936 tana da muhimmanci ga tarihin adabin Hausa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shigar da Shaihu Umar gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, aka buga shi a 1934. Ke nan an rubuta littafin ne a lokacin da doka ba ta gama raba bawa da ubangijinsa ba, marubucin kuma matashi ne da bai daɗe da barin Kwalejin Katsina ba, yana zaune a cikin mutanen da suka ga harin kama bayi da idanunsu. Cikin littattafai biyar da gasar ta haifar, Ruwan Bagaja ya ɗauki hanyar raha, Ganɗoki ya ɗauki jaruntaka, Shaihu Umar kuwa ya bi sawun ayarin da ke ƙetare Sahara da mutane a matsayin haja.

An daɗe ana koyar da littafin a makarantu a matsayin labarin haƙuri da yarda da ƙaddara. Wannan karatu yana da tushe, domin Umar da kansa, yana tsoho malami a Rauta, haka yake fassara rayuwarsa ga almajiransa. Amma tsarin labarin ya fi mai ba da shi faɗin gaskiya. Mutum biyu ne suka ƙetare hamada, ba ɗaya ba. Yaron da aka sace ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya kai shi Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya ba shi ilimi har ya zama limami. Mahaifiyarsa kuwa, 'yantacciya ce da ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta, aka kai ta Murzuk, aka sayar da ita zuwa Tarabulus, ta ƙare a wulaƙance, ta rasu jim kaɗan bayan ta sake ganinsa. Hanya ɗaya suka bi, a zamani ɗaya, a cikin al'ummar Musulmi ɗaya. Abin da ya bambanta makomarsu shi ne jinsi da shekaru da kuma halin wanda ya mallake su. Duk wanda yake so ya kafa hujja da Umar cewa bautar ƙasashen Musulmi mai sauƙi ce, dole ya tsallake shafukan mahaifiyar, su ne kuwa suka fi nauyi a littafin. Har ma masifar farko da ta tarwatsa gidan, wato korar Makau mijin uwarsa, ta samo asali ne daga sharrin da fadawa suka ƙulla masa kan rabon bayin da aka kamo a hari.

Wannan rabuwa tsakanin bawan da aka jawo jiki da wanda aka murƙushe ta sake bayyana a adabin zamani na Tekun Indiya. A Paradise (1994) na Abdulrazak Gurnah, wanda ya samu kyautar Nobel a 2021, an ba da yaro Yusuf jingina ga ɗan kasuwa Aziz saboda bashin mahaifinsa, yaron kuma yana kiransa kawu kafin ya fahimci matsayinsa. Jokha Alharthi ta Oman, a Sayyidat al-Qamar (2010), wanda fassararsa ta ci kyautar Man Booker ta duniya a 2019, ta kawo Zarifa, baiwar da ta reni ɗan ubangijinta, ta ci gaba da zama a gidan bayan an soke bauta, alhali ɗanta ya zaɓi ya bar garin. Dukkan marubutan uku sun gane abin da takardun Turawan mulki ba su cika kamawa ba, cewa kalmomin zumunta su ne igiyar da ta fi ƙarfi: ɗa, kawu, uwar goyo. Ɓalewa ya riga sauran biyun da shekara sittin ko fiye, sai dai da wuya a ga sunansa a irin wannan kwatance, duk da Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi tun 1967, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976.

Gidan Bin Jelmood bai tsaya a 1952 ba. Sashensa na ƙarshe ya taɓo safarar mutane da cin zalin ma'aikata a yau, wanda magana ce mai nauyi a gidan da ke maƙwabtaka da Al Asmakh. Ana iya sukarsa da sassauta harshe, amma ya ambaci abin da sunansa, a cikin ginin da aka aikata shi. A ƙasar Hausa kuwa, shaidar tana warwatse. Tana cikin labarin Dorugu da Schön ya buga a Magana Hausa (1885), da tarihin Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954, da sunayen ƙauyukan da suka faro a matsayin rinji, da sarautun bayin sarki na Kano irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. Tana kuma cikin binciken asali da ake yi a ɓoye kafin a ba da aure. A Nijar, sai a 2003 aka sa bauta cikin manyan laifuffuka, a 2008 kuma kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa gwamnatin ƙasar ta gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12 a matsayin wahaya. Yawancin abin da aka rubuta kan waɗannan duka da Ingilishi ne ko Faransanci, kuma Shaihu Umar ne har yanzu littafin Hausa da ɗalibin sakandare ya fi yiwuwa ya gamu da batun a cikinsa.