Kanel: yadda wayar salula ke tsare bayanan da ba a cika canzawa ba

Jama'a masu saurarenmu a gundumomin Magarya da Dungas, da ƴan uwa na Kano, Legas, Agadas, Libiya da Aljeriya masu karanta mu ta intanet, yau bayaninmu kan wani abu ne da ke cikin kowace babbar waya, ido ba ya ganinsa, amma tsaron kuɗinku da saƙonninku ya rataya a kansa. Tun da aka fara aiko da kuɗin cefane ta Nita, Amana ko Airtel Money, waya ta zama aljihu. To, wa ke gadin wannan aljihun?

Mene ne kanel?

Kanel shi ne uwar manhajar waya. Yana cikin abubuwan da ke fara tashi idan kun kunna, shi ke raba wa WhatsApp, Facebook da sauran manhajoji wurin ajiya, shi kuma ke yanke hukuncin wa zai taɓa kyamara, wa zai karanta saƙo. Wayoyin Android, irin su Tecno, Itel, Infinix da Samsung, duka kan kanel ɗin Linux suke aiki, wanda Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan, ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi. Ƙananan wayoyi masu maɓallai, yawancinsu ba wannan tsarin gare su ba.

Duk wanda ya samu ikon yin rubutu cikin bayanan kanel, ya mallaki wayar kenan. Ba sai ya fasa manhajar kuɗi ba, domin mai gadin ne da kansa ya koma nasa.

Rubutu iri 3

Mu ɗauki misalin bankin cimaka na ƙauye. Akwai dokokin da aka rubuta da fenti a bango ranar buɗewa, ba mai sake su. Akwai littafin shige da fice, kullum ana rubutu ciki: tiya kaza ta fita, buhu kaza ya shigo. Sannan akwai takardar sunayen masu riƙe makulli. Ita wannan ba kullum ake taɓa ta ba, sai an canza kwamiti, amma dole a bar hanyar gyara ta.

Haka bayanan kanel suke. Na farko ba sa canzawa, sai a kulle su gaba ɗaya. Na biyu suna canzawa sau dubbai cikin daƙiƙa, kulle su zai tsayar da wayar. Na ukun su ne masu wuyar sha'ani, kuma su ɓarawo ya fi so: bayanin da ke nuna wace manhaja ce ke da cikakken iko, da dokokin SELinux masu hana wata manhaja leƙa kayan wata. A Linux, lambar mai cikakken iko 0 ce. Idan muguwar manhaja ta iya mayar da lambarta 0, ta sa sunanta cikin masu makulli.

Yaya kullen ke aiki?

Ƙwaƙwalwar waya a rarrabe take shafi-shafi, galibi kowane shafi bait 4096. Kowane shafi na da alama: a karanta kawai, ko a karanta a rubuta. Wani sashe na injin wayar da kansa ke duba alamar kafin kowane rubutu. In aka gwada rubutu a shafin da aka kulle, sai injin ya ƙi. Wani lokaci wayar ta mutu ta sake tashi, kuma hakan ya fi a bar ɓarna ta wuce shiru.

A 2016, cikin Linux 4.6, aka shigo da wata dabara da ake kira ro_after_init, ta hannun Kees Cook, injiniya a Google, bisa tunanin da masu aikin PaX da grsecurity suka riga suka gwada. Ma'anarta: a rubuta bayani lokacin da waya ke tashi, da ta gama tashi a kulle shi har sai an sake kunnawa. Android 8 na 2017 ya kawo wannan kariyar cikin wayoyi.

Saura bayanan da dole a gyara jefi-jefi waya na kunne. Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe shafin, a rubuta, a rufe. Amma wayoyin yanzu na da ƙwaƙwalen aiki 4 ko 8 masu gudu lokaci guda, don haka yayin da ɗaya ta buɗe ƙofa, muguwar manhaja a wata na iya kutsawa. Daga 2017 zuwa 2019 Igor Stoppa na kamfanin Huawei ya gabatar da wata shawara: babbar ƙofa ta zauna a kulle kullum, a buɗe ƴar taga ta ɗan lokaci wadda mai gyaran kaɗai ke gani. An yi ta muhawara, amma aikin bai shiga babban Linux ba.

Kamfanoni sai kowa ya bi tasa hanyar. Samsung, cikin tsarin Knox, ya sa wani mai gadi a ƙarƙashin kanel, wanda ke riƙe da bayanan iko ta yadda ko kanel ɗin sai ya nemi izini kafin ya canza su. Apple, tun daga iPhone 7 na 2016, ya sa injin wayar ya kulle sashen kanel bayan tashi. Microsoft ya sanar da irin wannan kariyar ga kwamfutocin Windows a 2020.

An taɓa gani?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Oktoba na 2016 aka bayyana wata ɓaraka a Linux mai suna Dirty COW, wadda ke nan tun 2007 ba a lura ba. Tana ba manhaja mara iko damar rubutu a wurin da aka ce karatu kawai. A 2017 kamfanin tsaro Trend Micro ya gano manhajojin Android fiye da 1,200 ɗauke da wata cuta mai suna ZNIU, da ke bi ta wannan ɓarakar ta ƙwace waya, har ta yi wa mai ita rajistar saƙonnin biya ba da saninsa ba. A watan Maris na 2022 kuma wata ta fito, Dirty Pipe, wadda ta shafi sabbin wayoyin lokacin kamar Pixel 6 da Galaxy S22.

Duka biyun an toshe su. Sai dai gyaran ba ya zuwa da ƙafarsa, ta sabuntawa yake shigowa. Wayar da ba a sabunta ba, ɓarakarta na nan buɗe ko shekara nawa ta yi.

Abin da ke hannunku

Na ɗaya, ku duba ranar gyaran tsaro na ƙarshe. Ku shiga Paramètres, ku nemi À propos du téléphone, akwai kwanan wata a wajen bayanin Android. Tun 2015 Google ke fitar da gyaran tsaro kusan kowane wata, ko da yake ba kowane kamfani ke isar da shi ga kowace waya ba. Idan kwanan watan ya wuce shekara 2 ko 3, ku yi hattara da ajiye kuɗi mai yawa a wayar.

Na biyu, idan mise à jour ta zo, kar a yi ta turawa gobe don tsoron cin megabit. Ku nemi inda rezo ke da ƙarfi, batir a cike, ku bar ta ta gama.

Na uku, idan kun kai waya wurin mai gyara, ku tambaye shi ko zai yi mata rutin ko ya ɗora mata wata manhajar da ba ta kamfani ba. Yin rutin cire makullan nan ne da hannu. A wayoyin Samsung, ɗora manhajar da ba ta kamfani ba na ƙona wata alamar Knox da ba ta gyaruwa, wasu manhajojin banki ma ƙin aiki suke a wayar da aka yi wa rutin.

Na huɗu, manhajar da aka turo ta Xender ko cikin zauren WhatsApp, wai tana ba da kiredi kyauta, ku bar ta. Galibin ɓarakar kanel sai muguwar manhaja ta shiga waya tukuna take iya amfani da ita.

Ƴan uwa masu aiko wa iyaye waya daga waje, ko masu sayowa a kasuwar Farm Centre ta Kano, ku duba wannan kwanan watan kafin ku biya, musamman in ta hannu ce. Ku sabunta ta kafin ku ba direba, domin a Gushi, Malawa ko Dogo-Dogo saukar da babbar sabuntawa na iya zama aikin yini.

A ƙarshe mu faɗi iyakar wannan kariyar. Kullen kanel na hana manhaja ƙwace waya, amma ba ya hana mutum ya kira ku ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ku karanta masa lambar sirri. Wannan makullin ku ne ke riƙe da shi, kuma ko ɗan cikinku ne ya kira da baƙuwar lamba, ku kashe ku kira shi ta wadda kuka sani.