Tafkin Kainji a Lokacin Bazara: Su da Zirga-zirgar Jiragen Ruwa

Tafkin Kainji ya samu ne a shekarar 1968, lokacin da aka kammala madatsar ruwan da aka fara ginawa a kan Kogin Kwara a 1964 domin samar da wutar lantarki. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 135, daga madatsar da ke Jihar Neja har zuwa yankin Yelwan Yauri, kuma ƙananan hukumominmu na Yauri da Ngaski da Shanga suna cikin masu cin moriyarsa. Cikarsa ta sa aka tashi mutane sama da 40,000 daga tsibirai da garuruwan bakin kogi, ciki har da Gungawa da dama, aka sake masu matsuguni. Gonakinsu da itatuwansu kuwa suna nan ƙarƙashin ruwa har yau, kuma wannan magana za mu sake komowa kanta.

Yadda ruwan yake hawa da sauka

Sau biyu ruwa yake shigo wa tafkin a shekara. Na farko shi ne farin ruwa, wato ruwan daminar ƙasarmu da Gulbin Sakkwato da sauran rafuka suke kawowa da laka, daga Agusta zuwa Oktoba. Na biyu shi ne baƙin ruwa, wanda yake tasowa daga tsaunukan ƙasar Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, sannan ya iso mana garai-garai cikin hunturu. Daga nan sai shigowar ruwa ta ragu, alhali injunan madatsar ba su daina sha ba. Saboda haka tun daga bazara tafkin yake ja da baya, har ya kai ƙarshen saukarsa wajen Yuli ko Agusta, kuma tazarar da ke tsakanin cikarsa da saukarsa takan kai mita 10. Masunci da direban jirgi da mai noman albasa a bakin gaɓa duk da wannan lissafi suke aiki.

Giwan ruwa da sauran kifaye

Babu kifin da masunta suke alfahari da shi kamar giwan ruwa. Kifi ne mai farauta, yana cin warangi da ƙananan karfasa, kuma babbansa yakan haura kilo 100, kodayake irin wannan ya yi wuyar gani yanzu. Yana son wuri mai duwatsu ko kututture inda zai laɓe, kuma ba ya jure ruwan da iska ta yi ƙaranci a cikinsa. A watannin zafi, daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, ruwan sama yakan ɗumama ya daina cakuɗuwa da na ƙasa, sai iskar da kifi yake shaƙa ta ƙare a can cikin zurfi, musamman ta ɓangaren madatsa. Wannan ne yake sa kifi ya hauro sama, ya nufi bakin tsohuwar hanyar kogi da kewayen tsibirai irin su Foge. Gogaggen masunci ya san cewa a wannan lokaci mamari ko ƙugiya mai ɗan kifi da rai ba ta buƙatar nutsewa can ƙasa, ya kuma san cewa kallin da aka bari ya daɗe cikin ruwan ɗumi, ruɓaɓɓen kifi za a ciro daga cikinsa. A duba raga da sassafe, abin da ba za a sayar ɗanye ba a kai shi banda kafin rana ta take.

Ban da giwan ruwa, akwai karfasa, tarwaɗa, ƙurungu, falia, tsage da yauni.

Tarihin tafkin ya nuna mana cewa arzikinsa yana da iyaka. A 1971, lokacin da ruwa ya mamaye sababbin wurare, kifin da aka kama ya haura tan 28,000, amma zuwa 1978 ya faɗo wajen tan 4,500. Daga 1993 aka gudanar da shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus na bunƙasa su a tafkin, tare da cibiyar binciken kifi ta NIFFR da ke Sabuwar Busa, kuma a ƙarƙashinsa ne aka shigo da sarakunan ruwa cikin aikin lasisi, aka kuma hana jan dala saboda yadda take kwashe 'ya'yan kifi. Dokar su ta tarayya ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da inci 3, in ban da ta kamun warangi. A ganinmu, bazara ce lokacin da ya fi kamata jami'ai da sarakunan ruwa su sa ido, domin ruwa ya tsuke, kifi ya taru wuri guda, kuma manyan da suka tsira yanzu su ne za su yi ƙwai idan farin ruwa ya zo.

Tafiya a kan ruwa

Itatuwan nan da muka ambata, waɗanda ruwa ya shanye a 1968, da yawansu ba su ruɓe ba. Hanyar da jirgi ya bi lafiya lau a Janairu, zuwa Mayu kututture yana iya kasancewa taƙi ɗaya kacal ƙarƙashin ruwa a kanta, ba a ganinsa sai an hau shi. A daidai wannan lokaci ne kuma iskar farkon damina take tasowa ba sallama, galibi da yamma, lokacin da 'yan kasuwa suke komawa gida, kuma a inda tafkin ya yi faɗi babu gaɓar da za a gudu a fake.

Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako ɗauke da mutane fiye da 150 da kaya ya tarwatse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski. Kaɗan ne aka ceto da rai. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda take da ofishi a Yauri, ta danganta hatsarin da lodin da ya wuce kima. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ƙa'idojin hukumar sun wajabta sanya rigar kariya ga kowane fasinja, sun hana lodi fiye da ƙarfin jirgi, sun kuma hana tafiyar dare. Hukumar HYPPADEC, mai kula da yankunan da ake samar da wutar lantarki ta ruwa, ta raba rigunan kariya a garuruwan bakin ruwa, ta kuma yi aikin cire kututture a wasu hanyoyi. Sai dai rigar da aka ajiye a ɗaki, ko aka mayar matashin zama cikin jirgi, ba ta ceton kowa. Muna kira ga hakimai da dagatai da shugabannin ƙungiyoyin masu jirage da su tabbatar akwai mai ƙidaya fasinja a kowace tasha ranar kasuwa, musamman a Yauri da Wara, kuma jirgin ƙarshe ya tashi tun da sauran rana.