Daga Tanderun Nok Zuwa Tukunyar Jirgin Kafanchan: Tarihin Sanin Zafi

A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba, ba nisa da Kwoi. Ba a kula da shi sosai ba sai a 1943, da wani kan irinsa daga yankin Jama'a ya isa hannun Bature Bernard Fagg a Jos, bayan ya jima a gonar doya a matsayin dodon gona. Fagg ya ga kamannin da ke tsakaninsu, ya kira masu aikin da sunan Nok. Binciken da masanan Jami'ar Goethe ta Jamus suka fara a 2005 ya nuna mutanen sun fara zama a yankin tun kimanin shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa.

Jama'a sun fi sanin su da kyan sassaƙa, amma gwanintarsu a kan wuta ba ta gaza wannan ba. Yumɓu ba ya zama tukunya mai jure ruwa sai zafinsa ya haura digiri 600, kuma ɗanyen da aka gaggauta wa wuta fashewa yake yi, saboda damshin cikinsa ya koma tururi ya rasa mafita.  A Taruga kuwa, kusa da Abuja, Fagg ya tono tanderu 13 na fitar da ƙarfe daga tama a shekarun 1960. Irin wannan tanderu yana buƙatar digiri 1,100 zuwa 1,200. Ƙarfen ba ya narkewa a nan, don shi sai a 1,538, amma dattin tamar yana narkewa ya gangara, ƙarfen ya dunƙule. Mutanen Nok ba su da ma'auni sai ido, kamar yadda maƙeri yake yi har yau: ya danna zuga-zugi, ya dubi ƙarfen yana tashi daga ja mai duhu zuwa ruwan goro, zuwa fari, ya san lokacin ɗaga guduma.

Saka wa zafi lamba ya zo ne daga baya ƙwarai. A 1724 Fahrenheit ya fitar da ma'auninsa, a 1742 Anders Celsius na ƙasar Suwidin ya raba tazarar da ke tsakanin daskarewar ruwa da tafasarsa gida 100. Sai dai ma'aunin ya zo da wata tambaya: me ya sa wuta ɗaya take gasa ƙarfe nan da nan, amma ta daɗe tana fama da ruwa?

Joseph Black na Jami'ar Gilasgo ya amsa a shekarun 1760. Ya nuna cewa digirin abu daban, yawan zafin da ya tara daban. Ƙusa da ta yi ja a maƙera ta fi ruwan wanka digiri nesa ba kusa ba, amma in aka tsoma ta a bokiti, ƙara kawai za ta yi, ruwan ba zai ko yi ɗumi ba. A shekarun 1840 James Joule na Manchesta ya auna zafi a matsayin makamashi, shi ya sa ake lissafin makamashi da sunansa. Ɗaga zafin kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya yana cin jul 4,200, na ƙarfe kuwa kimanin 450 ne.

Black ya kuma gano cewa ruwa in ya tafasa, digirinsa ba ya ƙara tashi komai wutar da aka iza. Zafin yana tafiya ne wajen mai da ruwan tururi, kuma wannan aiki yana cin fiye da ninki biyar na abin da aka kashe wajen ɗaga ruwan daga sifili zuwa 100. Abokinsa James Watt, wanda ya inganta injin tururi, ya tattauna wannan batu da shi. Jikokin wannan inji suka iso Kafanchan a 1927, da layin dogo daga Fatakwal ya haɗu da na Arewa: a zuba kwal na Inugu a wuta, ruwa ya tafasa a rufaffiyar tukunya, tururin ya tura ƙafafun jirgi. Mahaɗar jirgin ce ta raya garin.

Wannan ilimi yana da amfani a kowane murhu na kudancin Kaduna, ƙasar citta. Mai dafa shayin citta a Kwoi, in ta rufe tukunya, ta tare tururin da ke gudu da zafinta. In ruwa ya tafasa ta rage itace, ba abin da zai ragu a dahuwar, don ƙaramar tafasa da babba digirinsu ɗaya. A kan tudu irin na Jos ruwa yana tafasa a kimanin digiri 96, shi ya sa wake yake ɗan jinkirin nuna. Malamin da zai koyar da darasin zafi a kudancin Kaduna yana da hujjar fara shi da tanderun Nok kafin ya kai ga Celsius, domin yaran su san cewa a ƙasarsu an daɗe da iya aikin kafin a zo da lissafinsa.