Fim da Al'ummarsa: Daga Tokiyo Zuwa Potiskum

A shekarar 1953, shekara takwas bayan Japan ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Biyu, Yasujiro Ozu ya fitar da fim ɗinsa mai suna Labarin Tokiyo. Tsoho da tsohuwa ne suka baro garinsu don ziyartar 'ya'yansu a birni, sai suka tarar kowa yana fama da neman na kansa. Wadda ta karɓe su hannu bibbiyu ita ce surukarsu, matar ɗansu da yaƙi ya ci. Wanda duk ya kalli wannan fim ya ga yadda zumunci ya soma sukurkucewa a ƙasar. A 1954 kuma aka fitar da Gojira, wato dodon da gwajin makamin nukiliya ya taso daga teku, ga mutanen da ba su manta da Hiroshima ba.

Idan muka waiwayo gida, a 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, inda muka ga zamanin bauta da uwar da ta keta Sahara neman ɗanta. Amma fim bai zama na kowa ba sai da kaset ɗin bidiyo ya zo, musamman bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990. Kaset ya bi hanyar Maiduguri ya iso Potiskum, inda Bolewa da Ngizim da Karekare da Fulani suka zauna kallo da Hausa.

Sau da yawa mukan ji ana cewa finafinan nan kwaikwayon Indiya ne kawai. Akwai ƙamshin gaskiya, domin tun daga Sangaya a 1999 waƙa da rawa suka mamaye su. Sai dai Akira Kurosawa ma ya ari Macbeth na Shakespeare a 1957, ya sa masa rigar mayaƙan Japan. Ƙarƙashin waƙoƙin namu akwai auren dole da kishi da rigimar gado, waɗanda ba daga Bombai aka kawo mana su ba.

Ƙorafinmu yana wani wuri ne. Falon attajirin Kano ya cika allo, alhali da wuya mu ga dillalin kasuwar shanun Potiskum, ko direban babbar mota da ke kwana a hanyar Legas.