Karatun harhaɗa magunguna ga ɗalibin da jikinsa ba ya jituwa da sinadarai

Duk shekara bayan fitowar sakamakon jarrabawar bak, ɗalibai da dama a Nijar da Kamaru da Chadi kan nemi gurbi a sashen harhaɗa magunguna. Daga cikinsu akwai waɗanda warin turare ko fenti ko ruwan jabel ke sa musu tari, ciwon kai ko ƙaiƙayi. Wannan lalura ba ta rufe ƙofar karatun kai tsaye, amma tilas ne a san sinadarin da ke tayar da ita kafin a biya kuɗin rajista.

Matsalar iri uku ce

Ta farko ita ce fusatar fata ko maƙogwaro, wadda ke iya samun kowa idan tururin sinadari ya yi yawa, kuma takan lafa da an fita iska. Ta biyu ita ce alaji na haƙiƙa, inda garkuwar jiki ta riga ta ɗauki wani sinadari a matsayin abokin gaba, ko ƙanƙani ne sai ya jawo borin jini, ƙuraje ko fuka. Ta uku ita ce rashin jure ƙamshi da warin abubuwa barkatai, alhali gwajin asibiti bai nuna alaji ba. A 1996 wani taron masana a Berlin ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar a riƙa kiranta rashin jure muhalli wanda ba a gano sababinsa ba.

Abin da ɗalibi zai tarar

Karatun kan ɗauki shekara 6 zuwa 7 a ƙasashe masu amfani da Faransanci, kamar a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da jami'o'in Duwala da Yawunde. Shekarun farko su ne mafi yawan aikin ɗakin gwaje-gwaje. A darussan kimiyyar sinadarai da tatso magani daga tsirrai ana aiki da asetan, metanol, eta da kulorofom, dukkansu masu saurin tashi a iska. Akwai kuma formol, wanda cibiyar binciken kansa ta duniya da ke Lyon ta sanya cikin masu haddasa kansa a 2004. Safar hannu ta latas da garin magani, musamman dangin penisilin, sanannu ne wajen jawo fukar wurin aiki.

Matakan kariya

Likitan fata ko na huhu na iya yin gwajin liƙa sinadarai a baya, wanda ake cirewa bayan awa 48, da gwajin ƙarfin numfashi. Da sakamakon a hannu, ɗalibi zai je sashen ya duba ko akwai akwatin zuƙe tururi, wanda ake kira hotte da Faransanci, kuma ko yana aiki idan an ɗauke wuta.

Kowane sinadari na da takardar bayanin haɗari mai sashe 16, sashe na 8 ne ke bayyana kayan kariya. Lambar H317 a jikin kwalba na nufin alajin fata, H334 kuwa na nufin alajin numfashi. Safar nitril na maye gurbin ta latas. Takunkumin asibiti na yau da kullum ba ya tare tururin sinadari.

Bayan kammalawa

Aikin ya fi karatun sauƙi ta wannan fuska. A kantin magani yawancin kaya a rufe suke cikin kwali, sai dai ɓangaren turare da mayuka. Akwai kuma ayyukan ofis: bin diddigin illolin magunguna, yi musu rajista, koyarwa, da sarrafa sito a hukumomi irin su ONPPC a Nijar ko CENAME a Kamaru. Wuraren da suka fi haɗari su ne masana'antar buga ƙwayoyi, ɗakin gwajin inganci da sashen haɗa maganin kansa a asibiti.

Wanda matsalarsa ba ta wuce fata ko ciwon kai ba, galibi yana iya kammalawa idan ya kiyaye. Wanda kuwa likita ya tabbatar masa da fuka saboda wani sinadari da ba makawa sai an taɓa shi a darasi, ci gaba da shaƙarsa na iya mayar da cutar ta dindindin. Irin wannan ɗalibi gara ya zauna da likitansa da shugaban sashe tun kafin buɗe makaranta, ya kuma duba fannoni maƙwabta kamar kiwon lafiyar al'umma.